Rasuwar Dattijuwa a Hannun Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, magatakardan makarantar nan da kowa ke kira Injiniya yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka sani a gida da Dattijuwa. Ta cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin cin abinci, tana da shekara goma sha ɗaya, bayan gajeriyar rashin lafiya da shi da kansa ya janyo mata.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Minti shida take ɗauka kafin ta tashi, fankarta na huci fuuu kamar wadda ta hau bene da kaya, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Batirinta ya daina riƙe wuta tun bara waccan, ta koma zama kusa da soket ba tare da ƙorafi ba. A cikinta ne maman yara, ma'aikaciyar jinya da ta koma karatu bayan shekara ashirin, ta buga kundin digirinta da yatsu biyu, shafi tamanin da huɗu. Ranar Alhamis mai zuwa za ta miƙa shi.

Don a yi adalci, ya kamata a faɗi inda Injiniya ya samo sunansa. Bai taɓa karanta injiniyanci ba ko na yini ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan, duk sanda injin buga takarda ya cije a ofis sai a kira shi, ya ɗaure fuska, ya kashe, ya kunna. Iliminsa ke nan kaf, kuma har ranar Asabar bai taɓa ba shi kunya ba.

Ciwon ajali ya fara ne da wani bidiyo da ya kalla, inda aka ce tsohuwar kwamfuta tana komawa budurwa idan an sa mata babbar manhajar nan da ake saukewa kyauta, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara. Ya yi wa maman yara alkawarin Dattijuwa za ta riƙa tashi cikin ƙiftawar ido. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ya kwafe mata kundinta a filashi tukuna. Ya kwafa, har ya nuna mata. Sai kuma ya tarar sabuwar manhajar a filashi ake ɗora ta, filashin gidan kuwa guda ɗaya ne. An gargaɗe shi cewa za a share duk abin da ke cikin filashin, ya danna amincewa da saurin wanda bai taɓa karanta gargaɗi ba a rayuwarsa. Da aka tambaye shi ko a share cikin kwamfutar ma, ya amince hankali kwance, tunda ai akwai kwafi a filashi.

Daga nan Dattijuwa ta ƙi tashi. Fuskarta ta yi baƙi ƙirin, sai layi ɗaya da ke cewa ba ta ga inda za ta tashi ba. Injiniya ya shiga biyos, wato ƙaramar manhajar da ke farkar da kwamfuta kafin komai. Ya kashe tsaron tashi, ya mayar. Ya sa filashi a gaba, ya mai da shi baya. Abin da bai gane ba ma ya taɓa, don kada ya ji an bar shi. A ƙarshe masana a intanet suka ba da shawarar a sabunta biyos ɗin, tare da rubutawa da manyan baƙaƙe cewa kada a kuskura a kashe ta ana cikin aikin. Ya fara aikin, layin da ke nuna ci gabansa ya ja jiki har rabi, ya tsaya. Injiniya ya yi haƙurin minti huɗu, sannan yatsansa ya yi abin da ya saba. Kashewar ta yiwu, kunnawar ce ake jira har yau. Kalamanta na ƙarshe su ne tit, tit, tiiit.

Mai gyara ya duba gawar, ya tambayi wane ne ya yi wannan aika-aika. Injiniya ya ce wani ne. Mai gyara ya ce a gaya wa wanin, ko da ta farfaɗo cikinta wayam yake.

Ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da jaka marar zif, da filashi wanda shi ma ba ya cikin hayyacinsa. Ta kuma bar maman yara, wadda ta ga mijinta ya yi tagumi ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Haba baban yara, kwamfuta ce fa. Tunda kundina na filashi, ai da sauƙi." Bai taɓa jin ta'aziyyar da ta yi masa ciwo irin wannan ba, kuma ya bar ta a kan haka.

Saboda haka wannan takarda tana ɗauke da sanarwa ta biyu, ga mutum ɗaya. Maman yara, kundin ma ya riga mu. Mijinki ya tono littattafanki uku na rubutun hannu, ya aro kwamfutar ƙaninki, yana sake bugawa, ya kai shafi na goma sha tara. Babi na biyar, wanda kika buga kai tsaye ba tare da kin rubuta a takarda ba, babu inda yake sai a kanki. Yana neman gafara, kuma ya ajiye sunan Injiniya daga yau.

Za a binne marigayiyar a saman kabad ranar Juma'a, idan an miƙa kundi lafiya. Ana zaman makoki a teburin cin abinci, kuma an fi son masu ta'aziyyar da suka iya buga rubutu. Takardar nan za a ajiye ta a bakin ƙofa, inda maman yara ke cire takalmi. Tana dawowa daga asibiti ƙarfe biyar, don haka mai son ya tarar da magatakarda da rai ya zo kafin nan.