Mudir Bilyaminu Na Neman Ƙwararru

In ana lissafin manyan mutane tsakanin garuruwan Hajj Abdalla da Sinnar na ƙasar Sudan, duk wanda ya tsallake Ustaz Bilyaminu Salih bai iya lissafi ba. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin rawani. Jallabiyarsa ba ta san ƙura ba, takalminsa bai san taɓo ba, ko da yake manomi ne. Ƙauye na kiransa Mudir, wato babban darakta, shi kuma yana amsawa da ɗan gyaɗa kai, kamar mai yafe wa jama'a jinkirin gane matsayinsa.

Abin da yake shugabanta hawasha ce, gonar ban ruwa da matarsa Ramla ta gada wurin mahaifinta. A bakin kowa sunanta gonar Ramla. A shafinsa na Fesbuk sunanta Cibiyar Bilyaminu ta Noman Zamani.

Bara ne Allah ya ƙara masa ɗaukaka. Ya tafi Wad Madani kwas na kwana uku a kan yadda ake rubuta sanarwar neman ma'aikata a intanet. Ya dawo da takardar shaida, da biro mai tambari, da tausayin duk wanda bai je ba.

Auduga ta fashe fari fat a gonar, lokacin ɗiba ya yi. Al'adar wurin sananniya ce. Mai gona kan ɗauki sukari da ganyen shayi ya nufi kambo, unguwar 'yan ƙwadago da ke bayan magudanar ruwa. Ya zauna a gadon igiya, ya sha gahawa, ya tambayi lafiyar tsofaffi, ya yi ta'aziyyar wanda ya rasu. Ba ya ambaton aiki sai zai tashi. Washegari mata su cika masa gona. Maƙwabcinsa Kamal haka ya yi, a keken jaki, da silifas ɗinsa kala biyu.

Mudir ya dubi wannan ya girgiza kai.

"Wanga zamanin jahiliyya ne," ya ce wa masu shan shayi a bakin kasuwa. "Ma'aikaci shi ka neman cibiya, cibiya ba ta bin ma'aikaci ɗaki-ɗaki. Sanarwa mai kyau, ya jama'a, tana da kai, tana da ciki, tana da ƙafa. Mu da muka karanta mun sani."

Kwana biyu ya yi yana rubutu. Kan sanarwar ya ce ana neman jami'an tattara amfanin gona na musamman. Cikinta sakin layi shida ne, biyar a kan tarihin shugaban cibiya: yadda kakansa ya taso daga Sakkwato da masu hijira yana riƙe da alƙalamin manya, yadda basira ta bi jini har ta sauka a kansa. Na shidan sharuɗɗa ne. Ƙwarewar shekara biyar da takardar shaida. Larabci mai kyau. Waya mai shafawa. Son aiki ƙarƙashin jagora mai hangen nesa. A ƙafar ya rubuta a turo tarihin aiki ta imel, ba a karɓar kowa baki da baki. Ya liƙa hotonsa yana nuna sararin sama da biro. Kalmar auduga ba ta fito ko sau ɗaya ba, don ya ga tana rage wa sanarwar kwarjini.

Ramla ta karanta a wayarsa tana tuƙa tuwon asida.

"Abu Najwa, matan da suka shekara talatin suna ɗiba, wace ce cikinsu ke da imel?"

"Wadda ba ta da shi ta tace kanta da kanta. Shi ne amfanin ilimi."

"To. Su kuwa tsuntsaye da awaki ba su jiran imel."

Kafin la'asar mutum ɗari biyu sun danna alamar so, arba'in sun rubuta masha Allah. Mudir ya ƙirga su duka a matsayin ma'aikata, har ya fara damuwar inda zai zaunar da su.

Ranar ganawa ya sa aka kai tebur da kujera ƙarƙashin dalbejiya a bakin gona. Samari huɗu suka sauko daga motar Madani, riguna a goge, takardu a leda, duka sun gama jami'a. Ya yi musu jawabin awa guda a kan manufofin cibiya. Da ya gama, ɗaya ya tambayi inda ofishin yake. Mudir ya buɗe hannu ya nuna gona. Saurayin ya dubi gona, ya dubi takalminsa, ya ce zai yi shawara da gida. Biyu suka bi shi. Na huɗun, ɗan halak, ya shiga kunya ɗaya, ya fito bayan rabin awa da yatsu a tsattsage da audugar da ba ta cika hula ba. Ya nemi ruwa, ya nemi hanyar tasha.

Mudir ya ce matsalar matasan yau ce. Ya ƙara sharaɗi biyu ya sake sakawa.

A nan ya kamata a faɗi abin da ƙauye ya sani yake yin kamar bai sani ba. Kakan nan mai alƙalami ba wanda ya taɓa ganinsa. A kambo aka haifi Bilyaminu. Uwarsa Zahra'u mai ɗibar auduga ce, a kan buhu take kwantar da shi, shi ya sa can sunansa Ɗan Buhu. Da ta rasu ƙanwarta Mairama ta goya shi, ta sa shi a kunya tun yana shekara bakwai, da ɗibar nan ta kai shi makaranta. Tun da ya yi aure cikin masu hawasha bai sake taka kambo ba. Hanyar kasuwa ta gefenta ta bi, shi kuwa ya gano wata mai nisa, ya ce likita ya umarce shi da tafiya. Duk sharaɗin da ya rubuta katanga ce, an auna ta daidai tsayin da matar da ta san sunansa na yarinta ba za ta iya tsallakawa ba.

Mako biyu suka wuce. Auduga ta fara zuba ƙasa tana shan ƙasa, farinta na komawa ruwan toka. Ramla ta zagaya gonar da safe, ta dawo ta ajiye masa shayi.

"Gonar babana ce. In Juma'a ta yi ba a fara ɗiba ba, yayana Jibril zai karɓe ta. Sai ka riƙe cibiyar."

Darakta ba gona, ai sai rawani. Da yamma Mudir ya buga sanarwar a takarda, ya nufi kambo. Sukari bai ɗauka ba, don a cewarsa ziyarar aiki ce. Ya tsaya a tsakar gidan Mairama ya karanta sakin layi shidan a tsaye. Tsohuwar tana soya gahawa, ba ta katse shi ba.

"Ka gama, Ɗan Buhu? Zamna. Wanga kaka naka mai alƙalami, ta wajen wa? Ni dai na san uban uwarka jakai ya kiwata."

"Inna, maganar tsari ce."

"Wadda ta yi maka wanka kake ɓoye ma cibiya. Mata duka suna wajen Kamal, ya zo ya gaishe mu tun da wuri. Ni kaɗai na rage, don ciwon bayana. Zan zo saboda Ramla. Amma ba ni shiga kunya ni ɗaya mai gona na zaune bisa kujera."

Da sassafe Mudir ya bayyana a gona, ya sanar da Ramla cewa zai yi wa sabuwar ma'aikaciya gwajin aiki na minti biyar. Ya naɗe hannun jallabiya. Ya rataya buhu da yatsa biyu, kamar mai ɗaukar abin wani.

Hali zanen dutse. Yatsun suka shiga ƙwanso suka fito ba ƙaya ko ɗaya, dama na ɗiba hagu na ɗiba, ido na kan reshe na gaba. Minti biyar suka zama awa. Rawani ya faɗi bai waiwaya ba. Kafin rana ta take ya bar Mairama baya da kunya uku, yana ma ɗan yin waƙar da mata ke yi a bakin aiki, baiti bai ɓace masa ba. Matan gonar Kamal suka miƙe a hayin ruwa suna kallo. Wata ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, hannun Zahra'u ne sak. Wata ta rangaɗa guɗa.

Kamal ya tsallako, ya ɗaga buhun ya jinjina, ya leƙa ciki ya ga ba ganye ba datti.

"Ustaz, shekara ashirin ina neman irin wanga hannu," ya ce. "In ka ƙare ta Ramla, ka biyo tawa. Kai ba sai ka turo takarda ba."