Ranar da Na Ɗaga wa Surukina Ƙafa

Ko na manta komai na zamanin korona, ba zan taɓa mantawa ba da abin da na yi a gaban mahaifin matata.

A farkon ɓullar cutar, ni ne rediyon majalisarmu a Hadejia. Ma'aikacin ofis ne ni, ba likita ba (ko allura na gani sai na kau da kai), amma wayata ba ta rabo da data. Kullum da la'asar ina zaune ina raba wa ƙasashen duniya maki. China ta garƙame gari guda, na ce ta kyauta. Koriya tana gwada mutane suna zaune a motocinsu, na jinjina mata. Italiya ta yi jinkiri har abu ya fi ƙarfinta, na ja tsaki. Da Saudiyya ta dakatar da Umara kuwa, sai na riƙa kallon 'yan majalisa kamar ni na ba ta shawara.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne wani bidiyo na samarin China. Maimakon musabaha, sai su haɗa ƙafa da ƙafa. Na kulle ɗaki na yi ta gwadawa da kujera har na ƙware.

A lokacin matata tana wankan jego a gidansu, wani ƙauye gaba da Auyo, sai an haye ruwa. Na ɗinke cikin farar shadda na shiga kwale-kwale, ina yi wa mai fito lacca.

"Duk wanda ya miƙo min hannu yau zai ga ci gaba," na ce masa.

"Allah ya nuna mana," in ji shi.

Muna isa gaɓa sai ga surukina da kansa, ya taso daga gonar shinkafa tare da maƙwabtansa. Ga mata can gefe suna wanki. Ya matso bakin ruwa ya miƙo hannu.

"Sannu da zuwa, Malam. Kawo hannu, wurin akwai santsi."

Wallahi "kawo hannu" kawai kunnena ya ɗauka. Na miƙe tsaye, na maida hannayena baya, na ce, "Baba, a China an daina!" Na ɗaga masa ƙafar dama.

(Kujerar da na yi atisaye da ita ba a kan ruwa take ba.)

Kwale-kwalen ya yi gabas, ni na yi yamma. Takalmina ya tashi sama ya wuce ta gefen kunnen Baba. Na faɗa tsundum, na taso da laka har gira, hulata tana bin ruwa abinta. Ni da na rantse ba mai taɓa ni, sai ga duk mazan wurin sun kama ni, wannan hannu, wancan wuyan riga. Matan suka rufe baki da zani, kafaɗunsu na rawa.

Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni cikin natsuwa ya ce, "Malam, su a Chinar ma cikin jirgi suke yi?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, madalla. An ce dai a yawaita wanke hannu, kai ga shi har wanka ka yi."

Cikin tsohuwar rigarsa na shiga ganin jaririna. Labari ya riga ni isa. Matata ta so ta gaishe ni, dariya ta hana ta, har surukata ta leƙo tana faɗa kada ta fama jikinta. Har yau a ƙauyen ba mai kira na da sunana, Ɗan China nake.

A hanyar dawowa na tuna cewa ni da Baba ba mu taɓa musabaha ba tun da na auri 'yarsa. Daga nesa nake cire takalmi in tsuguna. Tazarar da nake ta nema a waya, ashe da ita na tashi.

Yanzu in na ga wata ƙasa ta fito da dabara, kafin in kwaikwaya sai na fara duba abin da nake tsaye a kai.