Ranar da Na Ceci Yaya Lawali Daga Nasara

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a bayan garin Liyon ba, ko da ma na so in manta dangi ba za su bar ni ba. A shekarun tamanin ne, lokacin ina da shekara biyu a Pari, ina tsaron butikin kawuna a unguwar Barbès, muna sayar da shadda da atamfa. Shekara biyu kacal fa, amma in ka ji ina ba da labarin Faransa sai ka rantse da ni aka yi shawara kafin a kafa ta.

Yaya Lawali ɗan wan babana ne. Yana zaune a Vénissieux, kusa da Liyon, da matarsa Anti Rabi, yana aikin walda a garejin wani tsohon Bafaranshe mai suna Rene. Shi wannan tsoho yana da wata cuta, wato tseren tsofaffin motoci. Sai a samo motar da ta gama yayi, a cire gilasai da kujeru, a liƙe ƙofofi da walda, a ɗaura mata ƙarafa daga ciki don kare direba, sannan a kai ta fili a yi ta gwabzawa. Shekara uku Yaya Lawali yana haɗa wa wasu irin waɗannan motoci suna zuwa suna farfasawa, shi ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Sai a wannan shekarar tsoho Rene ya ba shi mota guda, ya ce in har ya kai zagayen ƙarshe ranar Lahadi, to shi ne direban gareji a kakar tsere mai zuwa.

Da ya bugo mini waya yana ba ni labari, duk ɗoki ya cika shi. Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ina nan tafe. Na san harkar tseren mota ciki da waje."

(Abin da na sani shi ne abin da na gani a talabijin: motoci masu ƙyalli, manyan mutane da tabarau, a ƙarshe a ba wani furanni.)

Saboda haka da na hau jirgin ƙasa ranar Asabar, babbar rigata ta farar shadda na ɗauko, wadda kawu ya ba ni da Sallah, da takalmin fata mai tsini. Ina son mutanen Liyon su san an zo daga babban birni.

Da yamma muka tafi filin don gwaji. Ashe wata gonar ƙauye ce aka zagaye da tarin ƙasa da tsofaffin tayoyi, hanyar tseren kuma ɗan zagaye ne mai siffar ƙwai, wanda ko da ƙafa za ka gama shi kafin shayinka ya huce. Motar Yaya kuwa wata tsohuwar Fijo ce da aka shafa wa koren fenti, an rubuta lamba ashirin da bakwai a rufinta. Ta taga ake shiga. Na zagaya ta sau biyu ina gyaɗa kai irin na masana, har da bubbuga taya da ƙafa.

A nan Yaya ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Ya ce a wannan wasa karo shi ne aikin, wanda ya juya motar wani ko ya kifar da ita shi ke samun maki. Ya ce in mota ta kife, direba yana zama a ɗaure cikin bel ɗinsa har a ɗaga tutar tsayawa, don cikin motar ya fi waje aminci, daga nan a tayar da motar a ci gaba. Sannan ya nuna mini wata igiya da aka ja tsakanin wurin makanikai da filin.

"Ka ga igiyar nan? Ko me ka gani, kada ka ƙetare ta. In mutumin direba ya shiga fili ana tsere, direban ake kora."

"Haba Yaya, ni za ka gaya wa? A Pari ma haka dokar take."

Wallahi ban san ko akwai irin wannan fili a Pari ba.

Ranar Lahadi da safe wata tarakta ta bi filin tana yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ƙasar ta koma taɓo ja. Tsoho Rene ya dubi shaddata, ya dubi filin, ya juya ya ci gaba da duba motar. Anti Rabi ce ta ce, "Ƙanena, da ka karɓi rigar aikin yayanka ka sa." Na ce mata ai ni kallo na zo yi.

Aka saki motoci kusan ashirin a lokaci guda. Ƙara kamar ana niƙa a cikin kunnenka, hayaƙi, ƙarfe yana cin ƙarfe. Zagayen farko Yaya ya yi abin mamaki. Mutumin da ko a gida ba ya ɗaga murya, sai ga shi yana bin motocin mutane yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ya san inda kowace mota take da rauni, tunda aikinsa ke nan. Tsoho Rene yana ta dukan cinyarsa yana dariya. Kafin a shiga zagaye na biyu ya ce mana makin Lawali ya kusa isa, ya lallaɓa kawai ya gama.

Ni kuwa tun karon farko tsoro ya kama ni, amma ina ta yi wa Anti Rabi sharhi don kada ta gane.

Ana tsakiyar zagaye na biyu, a kwanar da ke gabanmu, wata baƙar mota ta daki Yaya ta gefe. Koriyar Fijo ta tashi, ta juya, ta faɗi a kan rufinta, tayoyi suna ta juyawa a sama. Jama'a suka ɗauki tafi. Tafi fa, ɗan'uwana yana kife.

Ban san lokacin da na ƙetare igiyar ba. Ina yaro a ƙauyenmu da ke kan hanyar Maradi, in babbar mota ta faɗi, ba wanda ke tambayar doka. Mai noma ya yar da fartanya, mai alwala ya bar buta, kowa ya ruga. Ƙafafuna wannan suka tuna, bayanin jiya kuwa ya bi iska. Na tattare babbar riga ina gudu ina salati da ƙarfi. Taku na biyar taɓo ya riƙe takalmina ɗaya, na bar masa. Taku na goma na zame na faɗi rub da ciki, wata mota ta kauce mini da kyar ta watsa mini sauran taɓon da bai same ni ba. Na tashi na ƙarasa da rarrafe, na leƙa ta taga.

Ga Yaya Lawali a rataye, kai ƙasa, cikin hular kwano, hannuwa a harɗe a ƙirji, lafiyarsa ƙalau. Ya dube ni a juye.

"Me kake yi a nan?"

"Yaya, miƙo hannu, kada ka ji tsoro."

"Koma. Don girman Allah, koma."

Ina? Na riga na cafki kafaɗarsa ina ja. Sai na ji ƙarar motoci tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. An ɗaga jar tuta. Filin ya yi tsit, ban da mai lasifika da ya faɗi wata magana da Faransanci mai sauri, jama'a suka kwashe da dariya. (Har yau Anti Rabi ta ƙi fassara mini, ta ce zumunci ya fi.) Ma'aikatan fili biyu suka ɗauke ni cak ta hammata, hannun rigata ya maƙale a wani yagaggen ƙarfe ya tsaya can. Haka aka ratsa da ni gaban kowa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa. Abin da ya biyo baya a lasifika kuwa na gane shi sarai: lamba ashirin da bakwai ta fita daga gasar.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ta taɓon ba ce. Shekara uku na wahalar mutum na rusa da gudun da bai kai minti ɗaya ba. Na je bayan motar gareji na zauna a kan taya, ina jin ana zagayen ƙarshe ba da shi ba.

Can sai ga Yaya ya zo, ya cire hular kwano, ya zauna kusa da ni. Ya miƙo mini takalmina da ya tsinto.

"Yaya, ka yafe mini. Ka gaya mini, ban ji ba."

"Na gaya maka kam." Ya goge fuska da tafin hannu. "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Da ina iya kwance bel ɗin nan da sauri, da ka sha mari."

Na sunkuyar da kai. Sai ya ci gaba, a hankali.

"Amma shekarata tara a ƙasar nan. Na faɗi daga tsani a wurin aiki, na kwanta asibiti kwana shida, na taɓa zamewa a ƙanƙara a bakin tasha mutane suna ratsa ni suna wucewa. Yau ne karon farko da na faɗi na ga wani ya rugo."

Daga nan ya tashi ya tafi taya su ɗora motar, ya bar ni da takalmi a hannu ina share hanci da abin da ya rage na shadda.

Tsoho Rene bai ba shi kujerar direban ba, doka doka ce. Sai da Yaya ya ƙara shekara guda yana walda kafin a sake gwada shi, kuma sharaɗin farko da tsohon ya kafa shi ne kada a gayyato ɗan'uwan nan na Pari. Ban yi gardama ba. Abin da na koya dai shi ne, in wanda ya san abu yana bayani, in rufe bakina in buɗe kunne. Amma kada in yi muku ƙarya, ko gobe na ga Yaya Lawali a kife, zan ƙetare igiyar. Sai dai wannan karon zan karɓi rigar aikin.