Yadda Za Ka Rage Ƙarar Tsohon Gem Idan Kai Ne Ka Hana Hayaniya a Gidan

Ɗan'uwa, matso kusa. In dai kai magidanci ne mai furfura a gemu da ƙima a idon maƙwabta, kuma ka tsinci na'urar gem ɗinka ta ƙuruciya, irin wadda ake haɗawa da talabijin a yi wasa, a ƙasan wani kwali, to ka zo inda za a share maka hawaye. Ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbacin ƙarar za ta ragu har ka neme ta ka rasa. Ba a kan ɓera aka gwada su ba. A kan babban mutum aka gwada, wato Ciyaman, shugaban mazauna wani gidan bene, wanda da bakinsa ya kafa dokar hana hayaniya daga azahar zuwa la'asar. Shi ne ya hana Tela na hawan ƙasa taka kekensa a wannan lokaci, ya sa Iya Mai Kaji ta rabu da zakaranta, har ya taɓa hawa bene ya yi wa wani jariri gargaɗi na ƙarshe.

Mataki na 1: Ka ce tsautsayi ne

Kada ka yarda cewa nemanta ka yi. Shi Ciyaman fanka ya shiga sito ɗaukowa a wata ranar hutu, matarsa, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, ta tafi aiki, yara kuma suna gidan kakarsu. Sai ga ta a kwali: akwati ɗan ƙarami da tsufa ya mayar ruwan ɗorawa, da hannun gem guda mai maɓallan wasa, da kaset guda. A cikin kaset ɗin nan akwai wani dodo mai aman wuta da yake zaune a zangon ƙarshe. Ciyaman yana yaro bai taɓa kashe shi ba, domin ranar da ya kusa, ranar mahaifinsa ya ƙwace na'urar saboda jarrabawa. Ya girma, ya yi aure, ya yi tumbi, dodon yana nan yana jira.

Ka hura kaset ɗin. Ba ya gyara komai, amma na'urar tana son a girmama ta.

Sabuwar talabijin ta bango ba ta da ramin da wayar za ta shiga, don haka sai ka kinkimo tsohuwar nan mai ƙeya. Ka lura: waya ɗaya tal ce ke ɗauke da hoto da sauti. In ka cire ta don rage ƙara, ka cire har da dodon.

Mataki na 2: Ka san halin maɓallanka

Tsohuwar talabijin maɓallan sauti biyu gare ta, na ƙarawa da na ragewa. Masu zurfin bincike sun gano cewa na ragewa ne yake fara mutuwa, domin a kowane gida shi aka fi dannawa da fushi.

Ciyaman ya kunna, kiɗan ya tashi, tirit-tirit-tuu, kamar an taka wutsiyar tsuntsu. Ya danna na ragewa, maɓallin ya nutse ciki bai dawo ba. Sai ya yi tunanin manya: bari ya taɓa na ƙarawa kaɗan, ko ɗan'uwansa zai ji kishi ya farka. Ya taɓa. Kofunan da ke kabad suka fara rawa. Ya ƙara taɓawa don ya tabbatar. Hoton ɗaurin aurensa ya karkace a bango.

Mataki na 3: Kira mai gyara ta ƙofar baya

Rimot kada ka ɓata lokacin nemansa. Ciyaman ya zazzage wata leda cike da su, ya gwada kowanne. Ɗaya ya kashe fanka, ɗaya kuma har yau ba a san abin da ya kunna ba, sai dai an ji wata mata a hawan sama ta yi ihu.

Ya kira mai gyaran rediyo na bakin titi, ya shigo da shi a sace. Mutumin ya zagaya talabijin, ya buge ta a ƙeya, ya kara kunne, ya cusa sukudireba a ramin maɓallin, ya murɗa har wani abu ya ce ƙas.

"Yallaɓai, an dace," in ji shi. "Yanzu ta daidaita."

"Ta ragu ke nan?"

"A'a. Amma ba za ta ƙara hawa ba."

"Don me?"

"Ta kai ƙarshe."

Ya tattara kayansa ya fita. A bakin ƙofa ya juyo ya ba da shawara kyauta: a riƙa kallonta daga nesa, kamar daga wata unguwa.

Mataki na 4: Rufe mata baki

Abin da gyara ya gaza, kayan shimfiɗa za su iya. Ka ɗaure filo a kan sifika da igiyar shanya. Ka bi da bargo. Ciyaman har da katifar yara ya jingina.

Ƙarar ta ragu, sai wata matsalar ta ɓullo. Dodon nan yakan yi ɗan fito kafin ya yi aman wuta, kuma da wannan fiton ake sanin lokacin tsalle. In ba ka ji fito ba, ka ƙone. Don haka Ciyaman, mutumin da ko a taron gida sai an miƙe in ya shigo, ya durƙusa ya cusa kansa cikin bargon tare da talabijin, su biyu kamar masu ƙulla makirci. Talabijin tana zafi, shi yana zafi. Azahar ta yi bai sani ba. Filon kuma ya zame bai sani ba.

Mataki na 5: In an ƙwanƙwasa, faɗi abin da ya fara zuwa bakinka

Aka buga ƙofa. Maɓallin dakatar da wasa ya daɗe da rasuwa, don haka Ciyaman ya yafa wa talabijin zanen gado, ya buɗe ƙofa kaɗan. Tela ne, da tef ɗin awo a wuya da murmushin mutumin da ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Ranka ya daɗe, wata ƙara muke ji tun ɗazu. Na ce ba dai daga ɗakin mai doka ba."

Sai murmushin ya ɗauke. Domin abin da Tela ya gani shi ne mutum jiƙe da gumi sharkaf, ido jajir, numfashi sama-sama, babban yatsa yana karkarwa shi kaɗai. Daga ciki kuma ana jin tit, tit, tit.

"Na'ura ce," in ji Ciyaman. "Ta auna bugun zuciya. Sista ce ta kawo daga asibiti."

"Subhanallahi! Tun yaushe?"

"An daɗe ana fama," in ji Ciyaman, kuma wannan kam ba ƙarya ya yi ba.

Ka kiyaye: ƙarya mai kyau ita ce wadda ke sallamar mutum ya tafi. Wadda ke sa shi ya tafi ya dawo da jama'a, wannan gayyata ce.

Mataki na 6: Karɓi 'yan dubiya da haƙuri

Kafin Ciyaman ya kai hannu ga soket, matakalar bene ta cika da takun ƙafa. Abin da ya samu yi kawai shi ne ya miƙe a doguwar kujera, ya ja bargo har wuya, hannun gem a kan cikinsa. Waya ta fito daga ƙarƙashin zanen da ya rufe talabijin ta shige ƙarƙashin bargonsa. Ko likita ya gani sai ya ɗauka gaske ne.

Falo ya cika. Iya Mai Kaji ta zauna a gefen kansa tana yi masa fifita. Uwar jaririn nan ta zo da jaririn, wai su yafi juna.

To shi ɗan mutumin da Ciyaman ke sarrafawa a cikin gem, da aka bar shi tsaye ba mai kula, sai wani abu ya bi ta kansa. Kiɗan mutuwa ya sauko, tuu-ruu-ruuu, sannan tsit.

"Innalillahi!" Iya ta yar da mafici. "Ta tsaya! Zuciyar ta tsaya!"

Mata suka ɓarke da kuka. Tela ya zube a gaban kujera ya kama ƙafar Ciyaman. "Ka yafe mini, ranka ya daɗe! Duk azahar a banɗaki nake shiga da keken in yi ɗinki!"

Ciyaman ya ji wannan, ya adana shi a ransa. Sannan ya laluba da yatsa ya danna maɓallin farawa. Tirit-tirit-tuu.

"Ya dawo! Ya dawo!"

Daga nan ya gane cewa ransa a hannunsa yake. In ɗan mutumin ya mutu, shi ma ya mutu a idon jama'a, kuma akwai iyakar yawan mutuwar da maƙwabta za su lamunta a yini ɗaya. Ya rufe ido ya shiga wasa da kunne. Bai ga komai ba, amma yatsunsa sun tuna hanya: nan rami, nan gada, nan tsalle biyu. Bargo yana motsi, Iya tana cewa sanyi ne ya kama shi, a ƙaro wani. Kiɗa ya sauya ya yi kauri. Ciyaman ya san wannan kiɗan. Ya iso gidan dodo.

Fito, ya yi tsalle. Fito, ya yi tsalle. Da ƙarar nan da ta kai ƙarshe, ko numfashin dodon yana ji. Ya matsa, ya harba, ya sake harbawa. Sai wata irin rugugi, sannan wani kiɗa mai daɗi ya tashi, wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Ya kashe dodon. Abin da yake so ya gani tun yana ɗan makaranta yana nan yana wucewa a bayan zanen gado, taku ɗaya daga hancinsa, shi kuwa ba halin ya leƙa, ba halin ya yi ihu. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido.

"Sannu," in ji Iya, tana share masa. "Ciwo ba daɗi."

Mataki na 7: Bar wa ƙwararru sauran aikin

Ana cikin haka Sista ta dawo, da fararen kayanta da jaka a kafaɗa. Ta ga takalma a ƙofa, ta ga mijin da ta bari yana neman fanka kwance ana yi masa addu'a. Ta bi wayar da ido, ta je ta ɗaga gefen zanen, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sake shi, ta kashe soket.

"Sista, kin kashe!" in ji Tela.

"Ta gama aikinta." Ta kama hannun mijinta kamar mai jin bugun jini, ta matse shi har ƙashi. "Maigida, ya jikin?"

"Da sauƙi," in ji shi da 'yar murya.

"Jama'a, mun gode. Ciwon nan tun yana yaro yake tare da shi, yau ne ya fito fili. Zai warke, amma sai an kiyaye. Ba gishiri, ba maiƙo, ba shan sanyi. Tafiyar ƙafa kullum da safe. Shugabanci kuma ya ajiye, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na'urar gobe zan kai ta asibiti, akwai masu buƙatarta a ɗakin yara."

Nan take aka naɗa Tela riƙon ƙwarya. Don tausayin mara lafiya, ya faɗaɗa dokar shiru ta koma daga safe har dare. Yanzu a gidan nan ko cokali ya faɗi sai an zo an ba Ciyaman haƙuri. In ya ɗauko leda, sai a karɓe. In ya yi tari, sai a taru.

Bayan kwana biyu, yana zaune gaban kwanon abinci marar gishiri, ya kasa daurewa.

"Sista, don Allah, da kika ɗaga zanen nan, me kika gani?"

"Abu mai kyau," in ji ta. "Ban zaci haka zai ƙare ba."

"To yaya ya ƙare?"

"Ci abincinka, Maigida. In ka warke zan gaya maka."

"Yaushe zan warke?"

"Ni ce ma'aikaciyar jinya ko kai?"

Sanarwa

Mai wannan rubutu alkawarin rage ƙara ya yi, kuma ƙara ta ragu. Bai yi alkawarin za ka tsira da kujerarka, ko gishirinka, ko na'urarka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙone filo, ko ya mutu a gaban maƙwabta ya dawo, ko aka kama shi yana leƙen tagar ɗakin yara a asibiti da sunan ya zo awo, to shi da iyalinsa. Kada a neme ni, kada a aiko. In kuwa ya zama dole a zo, a zo a hankali, akwai mara lafiya a gidan.