Ranar da Na Kulle Ruwan Kawu

Lokacin ina koyon walda a Goronyo, da hannuna ya faɗa a kan waldar kwance sai na ɗauka na gama. Ranar da maigidana ya tafi Rabah ta'aziyya, manoman tafarnuwa suka zo shago, har da kawuna. Ƙofar ƙarfen da ke sakar musu ruwan dam ta tsage a gefe, ga shi gobe ne layinsu.

"Ɗana, ka iya walda ta tsaye?" in ji Kawu.

"Kawu, walda ai walda ce."

Maigidana ya sha gaya mini cewa ta tsaye daga ƙasa ake hawa, a rage wuta. Ni kuwa da muka isa wurin ƙofar, na ƙara wuta, na faro daga sama, ina ɗaure fuska kamar injiniya. Narkakken ƙarfe yana gangarawa cikin ramin da ƙofar ke zamewa, ina murna wai ƙarin ƙarfi ne. Har hula na gyara.

Da safe ƙarti suka taru suna ja, ƙofa ko motsi. Ashe na haɗe ta da jikinta. Layinsu ya wuce muna tsaye muna kallo. Kafin maigidana ya dawo ya yanke, shukar Kawu ta bushe.

Kawu bai zage ni ba. Shafa waldar ya yi, ya ce, "Wagga kam ta kamu. Mi yar rage? Sai ka yi wa gulbi walda."

Har yau in damina ta makara, sai a tare ni ƙofar masallaci: "Injiniya, sama ka hau aiki?"