Ƙullutun da Na Kai Birmingham

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama babban masani na tsawon minti goma ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a PhD a Manchester, ina zaune a Fallowfield. Aikina auna nauyin top quark, wata mitsitsiyar ƙwaya da ta fi duk danginta nauyi, wadda ba ta bayyana sai an gwara ƙwayoyi da juna a wata katafariyar na'ura a Amurka. Mu dai namu zama gaban kwamfuta muna tace data.

Wata Talata na zana graph, sai ga ƙullutu ya taso a inda ya kamata layi ya kwanta sumul. A fanninmu, irin wannan ƙullutu na iya nufin sabuwar ƙwaya da ba wanda ya taɓa gani. Supervisor ɗina yana hutu. Abokan ofis kuwa ɓoye musu na yi (wai kada a riga ni, ka ji mutum).

Ranar Alhamis akwai taron ɗalibai a Birmingham. Tun Laraba na sauka can a unguwar Handsworth, gidan Alhaji Issaka, wani dattijo ɗan Kumasi, direban bas, wanda ya ɗauke ni kamar ɗa. Muna cin shinkafa da wake bakina ya ƙi rufuwa.

"Baba, na gano abin da Turawa suka yi shekaru suna nema."

"Masha Allah!" in ji shi. "Gobe ina off, ƙafata ƙafarka."

Washegari ya kuwa ɗauko babbar riga, ya bi ni taron, ya zauna a layin gaba.

Na hau dandamali, na nuna ƙullutuna, har da zagaye shi da jan layi. Ɗaki ya yi tsit (ni a zatona kwarjini ne). Sai wata Baturiya da ke gaba da ni a group ɗinmu ta ɗaga hannu.

"Wane file ka buɗe?"

Na karanto sunan da alfahari. Ta dafe baki.

"Ai wannan na practice ne. Ni na ƙirƙiri ƙwayar na dasa a ciki, don sababbin ɗalibai su koyi nema."

Dariya ta ɓarke. Wani farfesa ya ce aƙalla an tabbatar program ɗina yana aiki, aka ɗan tafa don tausayi. Alhaji da ke can yana gyara hula, jin tafi ya miƙe tsaye, nasa ya fi na kowa ƙara. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar gida na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce:

"Wato ita ta ɓoye, kai ka samo?"

"E, Baba."

"To, ka iya nema. Saura ka koyi tambaya."

Na kammala karatuna lafiya, ban gano wa duniya komai sabo ba. Amma tun daga ranar, duk sa'ad da na tsinci dami a kala, kafin in yi shela sai na fara tambayar wa ya ajiye shi.