Kan Nok da Na Tono a Bayan Ɗakina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa shiga tarihi a Kafanchan ba.

Shekarar da aka canza wa jiharmu suna ce, daga Arewa ta Tsakiya zuwa Kaduna. Ina sabon malami, ɗan Malumfashi, aka turo ni firamare aka danƙa mini aji uku. Na kama haya a gidan wata mai ginin tukwane da ake kira Maman Rifkatu, 'yarta Rifkatu kuma tana ajina.

Darasin sanin jiha na fi ji da shi. Kullum sai in zana taswira a allo (yaran sun ce ta fi kama da doya), in sa su rera: hasumiyar Gobarau a Katsina, dutsen Kufena a Zariya, ruwan Matsirga nan kusa da mu, duwatsun Kagoro ga su can. Amma Nok ce ta tsaya mini a rai, inda masu haƙar kuza suka tono kawunan yumɓu na mutanen da. A littafi kaɗai na taɓa ganinsu, hoto guda, shi ma ya dushe.

Wata safiya bayan an sha ruwa, na zaga bayan ɗakina sai na ga wani abu ya leƙo daga taɓo. Na sa hannu na tono. Kan mutum ne na yumɓu, gasasshe, da idanu da hanci da komai! Ai Nok ba nisa! Na naɗe shi a rigata ta sallah, ban gaya wa kowa a gidan ba, kada a ce da ni za a raba suna. Kafin in isa makaranta har na gama jin ana kiran sunana a rediyo.

Hedimasta, Baba Yohanna, ya jujjuya shi ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa na karanta abin nan."

Aka yi sa'a (haka na ɗauka a lokacin) ranar Alhamis sufeton makarantu zai zo, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni.

Alhamis ta zo. Sufeto da hedimasta suka zauna a bayan aji. Muka rera Gobarau, muka rera Kufena, sannan na kwance rigar a hankali, na ɗaga kan sama kamar na ci kofi.

"Yara, wannan ya haura shekara dubu biyu a duniya! Ku dubi kunnuwan nan, fankam-fankam kamar faifai. Ku dubi hancin, kamar an taka shi. Haka mutanen da suke, Allah bai ba su kyau ba, amma ya ba su fasaha."

Sai na ga Rifkatu ta cusa kai ƙarƙashin benci, kafaɗunta suna rawa. Sufeto ya ce, "Yarinya, lafiya? Tashi ki yi magana."

Ta miƙe tana murza bakin riga. "Sa, ni ne na yi shi. Da sauran yumɓu na Mama."

Na ce, "Ke, zauna!" amma muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Sufeto ya ce, "To wa kika gina?"

"Malam ne, sa. Mama ya ce babu kyau a yi wa babba haka, shi ya sa na jefar a baya."

Jama'a, na ga sufeto ya dubi kan, ya dubi kunnuwana, ya sake duban kan. Hedimasta ya toshe baki da hula ya fita da gudu, muna jiyo shi yana shaƙewa a baranda. Yara kuwa har da masu faɗuwa daga benci. Ni ina tsaye riƙe da kaina a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Da sufeto ya share hawaye, sai ya sa Rifkatu ta gaya wa aji yadda ake kwaɓa yumɓu da yadda ake gasa shi. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce da ni, "Malam, ga darasin Nok nan a ajinka, kana nemansa a taɓo." Ya rubuta rahoto mai kyau, aka tabbatar da ni. Sai dai har na bar Kafanchan, daga tashar jirgi zuwa kasuwa, Malam Nok ake kirana.

Tun daga ranar, in na tsinci abu a gidan mutane sai na tambayi masu gida. Kuma ban ƙara kushe halittar kowa ba, ko da ya shekara dubu biyu a ƙasa.